Ra'ayinmu: Kafin Tsohon Babur Ya Koma Kan Titi

Duk shekara idan kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, ikkilisiyoyi da yawa a karkara sukan zauna bayan baikon godiya su duba abin da za a yi da ɗan abin da Allah ya hore. A wurare da dama maganar da kan fara tasowa ita ce ta abin hawan mai bishara ko katikis, mutumin da ke kula da ƙauyuka uku ko huɗu a kan keke ko da ƙafa. Kowa ya san babur ne maganin wannan wahala. To, amma tun daga 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin sabon babur ya yi tashin gwauron zabo, har a 2024 irin su Bajaj Boxer suka haura naira miliyan ɗaya. Saboda haka idon jama'a ya koma kan babura na hannu, musamman waɗanda suka taɓa mutuwa aka tashe su, domin su ne kuɗinsu bai kai ya kawo ba.

Irin waɗannan babura kashi-kashi ne. Akwai wanda ya yi haɗari mai shi ya haƙura ya sayar wa bakanike. Akwai wanda aka saya a gwanjon 'yan sanda ko na kwastan ko na wata ma'aikata. Akwai wanda ruwa ya ci, kamar yadda ya faru da abubuwan hawa masu yawa a Maiduguri lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024. Akwai kuma haɗe-haɗe, wato a ɗauko inji daga wannan babur, gangar jiki daga wancan, a sayo sauran kaya a kasuwa irin su Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a haɗa, a fesa fenti, a fito da shi yana sheƙi. Babu laifi a cikin wannan sana'a, hasali ma tana rufa wa talakawa asiri, kuma akwai 'yan'uwanmu da yawa da ke cin abinci da ita cikin gaskiya da riƙon amana.

Abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kai shi ne wannan: tayar da injin babur bai isa ya sa a hau shi ba. Sai an san asalinsa, an duba lafiyarsa, an mayar da takardunsa zuwa sunan sabon mai shi, an kuma yi masa rajista. Kuɗin da waɗannan abubuwa za su ci yana cikin kuɗin babur ɗin, kuma duk wanda bai tanade shi ba, to bai gama tara kuɗin sayen babur ba tukuna. Wannan gaskiya ce ga ɗan acaɓa da manomi da malamin makaranta, ta kuma fi nauyi a kan ikkilisiya, domin ita da kuɗin jama'a take saye, kuma sunanta babur ɗin yake ɗauke da shi duk inda ya shiga.

Mun san wata ƙaramar ikkilisiya da ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan al'amari. Zumuntar mata ce ta noma gyaɗa shekara biyu, matasa suka ƙara nasu, aka damƙa wa dattawa biyu kuɗin su je birni. Wani dillali ya nuna musu babur mai kyan gani a kan rabin kuɗin sabo, ya ce haɗari ya yi aka gyara, takardun kuma sun ɓace wajen haɗarin. Ya rubuta musu rasit da hannu a fallen takarda, suka biya, suka dawo gida aka yi addu'ar keɓewa ana murna. Bayan 'yan watanni aka tsayar da mai bisharar a wani shinge, aka duba lambar injin, sai ga shi ta yi daidai da ta wani babur da aka ba da rahoton sacewa. Bawan Allah ya kwana uku a tsare, aka riƙe babur ɗin, dillali kuwa ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Hasarar kuɗin ta yi zafi, amma abin da ya fi ta zafi shi ne maganar da ta bazu a ƙauyukan da mutumin yake wa'azi, cewa malamin majami'a ya hau babur ɗin sata.

Dattawan nan ba ɓarayi ba ne, araha ce ta rufe musu ido, kuma Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado. Ya kamata kowa ya sani cewa wanda ya sayi kaya daga hannun ɓarawo bai mallake su ba, ko da ya biya kuɗi a gaban shaidu. Ranar da mai kaya ya bayyana da hujjarsa, za a mayar masa da abinsa. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa ta mayar da karɓar kayan sata da sani babban laifi, kuma wanda aka samu da kayan da ake zargin na sata ne, shi za a nema ya yi bayanin yadda suka zo hannunsa. Rasit ɗin da wani baƙo ya rubuta a gindin bishiya ba ya yin wannan bayani.

Don haka matakin farko shi ne binciken asali, kuma kafin a ƙirga kuɗi ake yinsa. Kowane babur yana da lambobi biyu da kamfanin da ya ƙera shi ya buga a jikin ƙarfe. Lambar gangar jiki, wadda makanikai ke kira lambar casis, galibi tana wuyan babur ne, daidai inda kan yake juyawa, kuma a baburan zamani haruffa ne da alƙaluma guda 17. Lambar inji kuwa tana jikin injin daga ƙasa, yawanci ta gefen hagu. A goge wuraren da tsumma da ɗan kananzir, a karanta da rana tsaka, a gwada harafi da harafi da abin da ke cikin takardu. Idan aka ga alamar an goge ƙarfen da zarto, ko an yi walda a wurin, ko wasu haruffan sun fi wasu zurfi ko sun karkace, ko fenti ya yi kauri a daidai nan kaɗai, to a juya a tafi, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Bayan haka a nemi ganin ainihin mutumin da sunansa ke jikin takardun, ido da ido, da katin shaidarsa. Idan babur ya bi hannu uku kafin ya iso, to a nemi takardar cinikin kowane hannu. Idan na gwanjo ne, lalle a karɓi takardar hukumar da ta yi gwanjon da rasit ɗin mai gwanjo, waɗanda ke ɗauke da lambar casis da ta inji, domin su ne za su tsaya a madadin tsofaffin takardu. Idan an sauya inji, to injin ma yana da nasa asalin, sai a karɓi rasit ɗin wanda ya sayar da shi, mai ɗauke da lambarsa. Idan an ce takardu sun ɓace, mai babur na asali shi ne zai je ya sanar da 'yan sanda, ya yi rantsuwa a kotu, ba mai saye ba. Sannan a kai lambobin ofishin 'yan sanda a duba ko an taɓa ba da cigiyarsu. Sai an gama wannan duka za a rubuta yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da sunaye da adireshi da lambobin biyu da kuɗin da aka biya da kwanan wata, shaidu na kowane ɓangare su sa hannu.

Mataki na biyu shi ne lafiyar babur. A nan ma ana yawan yin kuskure, domin mai saye yakan saurari kukan inji, in ya ji ya yi daɗi shi ke nan. Alhali kuwa babur da ya yi karo ba a inji ciwonsa yake ba, a ƙashinsa yake. Gangar jikin da ta lanƙwashe aka miƙar da ita da wuta da guduma ba ta komawa ƙarfinta na da, kuma wuyan da ya tsage aka liƙe da walda yana iya rabuwa ranar da aka faɗa rami da kaya a baya. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. A tura babur a miƙe a kan jiƙaƙƙen rairayi, a duba sawunsa. Idan tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, to jikin ya karkace. A ɗaga gaban a juya kan dama da hagu a ji ko yana sarƙewa. A duba ƙafafun gaba ko suna yoyon mai, a duba birkin gaba da na baya, da sarƙa, da tayoyi ko sun tsattsage. Wanda ruwa ya ci kuma, a buɗe man injin a ga ko ya yi fari kamar madara, a kuma bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan a yi shi da bakaniken da mai saye ya zo da shi, kada a dogara da na mai sayarwa.

Bayan bakanike ya gama nasa, sai a kai babur ɗin wurin jami'an duba lafiyar abubuwan hawa na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO. Aikinsu shi ne su gwada lambobi da takardu, su duba birki da fitilu da sigina da ham da madubai da tayoyi, su ba da takardar shaidar cewa ya cancanci hawa titi. Muna sane da cewa akwai masu shawagi a bakin ofisoshi da ke cewa a ba su kuɗi su kawo takardar ba tare da an zo da babur ba. Wanda ya yi haka kansa ya cuta. Takarda ba ta kama birki. Kuma a tuna su wane ne za su hau babur ɗin nan: matar mai bishara da jariri a goye, mai naƙuda da za a kai asibiti da tsakar dare, tsohon da maciji ya sara a gona. A ƙauyuka da yawa babur ɗin majami'a shi ne motar asibitin gari duka, Kirista da Musulmi. Wanda ya sayi takardar lafiya ta ƙarya da ran waɗannan mutane yake wasa.

Mataki na uku shi ne sauya sunan mai shi, kuma a ofishin lasin ake yinsa, wanda a yawancin jihohi yana ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga. Akan tafi da yarjejeniyar ciniki, da tsofaffin takardu ko na gwanjo, da takardar rantsuwar kotu, da shaidar 'yan sanda, da hotuna da katin shaidar mai saye. Kuɗin da ake biya da wasu ƙananan sharuɗɗa sun bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka a shiga cikin ofis a tambayi ma'aikaci, a biya ta hanyar da hukuma ta tsara, a karɓi rasit na gwamnati. Idan an sauya inji ko launi, a faɗa a nan domin a gyara a rubuce. Wannan mataki yana kare mai sayarwa kamar yadda yake kare mai saye, domin muddin ba a sauya suna ba, duk ɓarnar da aka yi da babur ɗin ƙofar tsohon mai shi za a fara ƙwanƙwasawa.

A nan akwai wata magana da ta shafe mu kai tsaye, wato da sunan wa za a rubuta babur ɗin. Sau da yawa, don gudun wahala, akan rubuta sunan mai bisharar da ke wurin a lokacin, ko na ma'aji. Ana nan sai a yi wa mai bishara canjin wurin aiki, ko kuma ya rasu, sai rigima ta tashi tsakanin ikkilisiya da iyalinsa, kowa yana ganin shi ke da gaskiya. Mun ga zumuncin shekaru ya lalace a kan haka. Idan kyauta aka ba mutum, a faɗa a fili, a rubuta a littafin taro, a sa sunansa. Idan kuwa kayan aiki ne na ikkilisiya, a rubuta da sunan ikkilisiya kamar yadda take a rajista, a ajiye takardun na ainihi a wurin sakatare, mai hawa ya riƙe kwafi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mataki na huɗu shi ne lamba da inshora da lasin. Lambar da aka bai wa babur tasa ce shi kaɗai, tana haɗe da lambar casis ɗinsa a cikin rajistar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take kula da ita tare da jihohi. Ciro lamba daga mataccen babur a ɗaura wa wani laifi ne, ko da duka biyun na mutum ɗaya ne. Lamba mai shuɗin rubutu ta masu hawan kansu ce, mai jan rubutu ta 'yan haya, don haka wanda zai yi acaɓa ya faɗi gaskiya tun farko. Inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna kuwa tsohuwar doka ce, tun 1945 aka kafa ta. A farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙayyade kuɗinta ga babur a kan naira 3,000 a shekara, mai ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan ɗaya, kuma daga 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka shiga tilasta ta a duk faɗin ƙasa. A yanke ta a kamfanin da aka sani, a kuma duba ta waya ko ta shiga rumbun bayanan kamfanonin inshora, domin ta bogi ta yi yawa a gari. Shi kuma mai tuƙi sai ya kai shekara 18, ya mallaki lasin na rukunin A, wanda shi ne na babur. Hular kwano da aka fara tilasta sawa a ranar 1 ga Janairu, 2009 a sayi sabuwa, kada a karɓi wadda ta zo da babur ɗin haɗari, domin hular da ta taɓa shan bugu ta gama aikinta.

Wani zai ce ai a ƙauye muke, wa zai tambaye mu takarda? Wannan zamani ya wuce. Matsalar tsaro ta sa hukuma ta sa wa babur ido fiye da kowane abin hawa. An hana hawansa a Maiduguri a 2011, an hana acaɓa a cikin Jos a 2012, aka hana a Kano a farkon 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sannan a 2019 rundunar soja ta hana zirga-zirgar babura a dazuzzukan jihohi bakwai da suka haɗa da Kaduna da Katsina da Zamfara da Neja. A irin wannan hali, mutumin da aka tsayar a hanyar daji a kan babur marar lamba, mai gogaggiyar lambar inji, ba tara kaɗai yake fuskanta ba. Ana iya ɗaukarsa a matsayin abin da ba shi ba ne, kuma kafin gaskiya ta fito ya sha wuya. Rubuta "Mai Bishara" a jikin tanki ko rataya jakar Littafi Mai Tsarki ba zai tsaya a madadin takarda ba, kuma bai dace ma'aikacin ikkilisiya ya riƙa neman a ɗaga masa ƙafa saboda rigarsa ba. Mu da muke karanta wa jama'a Romawa sura 13 a kan biyayya ga hukuma da biyan haraji, ba ma jin daɗin a ce mu ne ake kamawa muna miƙa na goro a shinge.

Duk da haka ba za mu ɗora wa talaka laifin duka ba. Mutumin da zai taso daga ƙauye ya biya kuɗin mota zuwa hedkwata, a ce masa ya dawo gobe, gobe a ce jibi, kowane tebur kuma da nasa kuɗin da ba a rubuce yake ba, ba abin mamaki ba ne in ya gaji ya koma gida da babur ɗinsa haka nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muna kira ga gwamnatocin jihohi da su manna jerin kuɗaɗen da ake biya a ƙofar kowane ofishi, da Hausa da Turanci, su haɗa masu duba lafiya da masu lasin da masu inshora a wuri ɗaya, su kuma riƙa tura su hedkwatar ƙananan hukumomi a ranakun kasuwa. Hukumomin da ke yin gwanjo su riƙa ba mai saye cikakkiyar takarda tun a filin gwanjo. Su kuma 'yan'uwanmu da ke aiki a waɗannan ofisoshi, su tuna cewa wanda ya zo gabansu ranar Litinin yana iya zama wanda suka zauna benci ɗaya da shi ranar Lahadi.

Shawararmu ga majalisun dattawa ita ce, duk lokacin da za a sayi babur, a raba kuɗin gida biyu tun a wurin taro, na saye da na gyara da takardu, kada a taɓa na biyun komai daɗin ciniki. A tura mutum uku, ɗaya daga cikinsu bakanike, ɗaya kuma mai iya karatun takarda. Kada a yi addu'ar keɓewa sai lamba tana jiki, takardu suna hannu. Ikkilisiyoyin da suka riga suka mallaki babura, su fito da su wannan mako a gwada lambobinsu da takardunsu, abin da bai daidaita ba a je a gyara tun ba a kai ga shinge ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuwa kuɗin bana ba su kai ba, babu kunya a jira kaka mai zuwa. Mai bisharar da ya ƙara shekara ɗaya a kan kekensa zai gaji, amma zai kwana a gidansa da mutuncinsa.

Allah ya kiyaye masu tafiya, ya kai kowa gida lafiya.